Bayan Nomau

Sai bayan arba'in muka buɗe akwatin ƙarfen Baba.
Ba kuɗi ciki, ba takardar gona,
sai bawon buhun siminti, an yanka, an goge,
ɗari da sha bakwai, ni na ƙirga,
kowanne da zanen jan alli,
ja irin na gaɓar Yawuri in ruwa ya ja da baya.

Ga kafaɗa ba wuya. Ga wuya ba kai.
Ga hannu guda, sau tara a shafi ɗaya:
nan ya damƙe gwangwala, nan ya sassauta,
nan an murje shi da babban yatsa
har zanen yatsan Baba ya kwanta cikin tsokar wani.

Nomau ne duk wannan.
Nomau mai fito, jikan Sarkawa,
wanda Baba kan ba naira biyu da goro
ya tsaya gindin mangwaro, riga ɗaure a ƙugu,
yana tura jirgin da babu
a kan ruwan da babu.
"Malam Arzika, hannu ya mace."
"Yi haƙuri, saura jijiya guda."
Jijiyar nan takan kai su la'asar.

Ƙarƙashin takardun akwai littafi marar bango,
wanda ya saya a kasuwar Kaduna yana saurayi.
Zanen mutanen Italiya ne na shekaru aru-aru,
su ma da jan alli, su ma gaɓa-gaɓa:
gwiwa, diddige, wani ya juyo da haƙarƙari.
Baba bai karanta yarensu,
gwiwar hannu yake karantawa.
Yakan ce, "Dubi nan, shi ma ya ɓata, ya sake.
Kafin su hau tsani su shafe rufi da launi
sai sun gajiyar da wani lebura a tsakar gida,
kamar yadda nake gajiyar da Nomau."

Bangon sakatariya aka ba shi.
Wata uku yana kan tsani,
Inna Ige na aika masa fura a kwanon sha.
Ranar buɗewa aka yi tafi, aka sha lemo.
Jirgi shuɗi, ruwa kore, mai fito da sabuwar riga,
don shugaba ya ce tsiraicin baya bai dace da ofis ba.
Duk jijiyoyin nan suka shige ƙarƙashin fenti.

Damina huɗu, aka sake shugaba.
Aka shafe bangon da ruwan madara,
aka kafa ƙusa daidai kan Nomau, aka rataya agogo.
Na dawo gida ina huci.
Baba na feƙe alli da reza, bai ko ɗago ba.
"Wancan na biki ne," ya ce.
Ban gane ba, sai yanzu da akwati ya buɗe.

Jiya na ɗauki shafi guda na sauka bakin ruwa.
Na sami Nomau yana ɗinkin koma,
ya ranƙwafa kamar lauje, ido ya yi hazo.
Ya kai takardar kusa da hanci, ya nisanta ta,
ya bi layin gadon baya da farce
har ya tsaya kan wani ɗan ɗigo, hagu da kafaɗa.
"Ga inda ƙugiya ta kama ni ina yaro.
Ashe haka tabon yake."
Ya yi shiru, jirgin inji ya wuce, igiyar ruwa ta lafa.
"Shekara saba'in ina ɗauke da shi," ya ce,
"ban taɓa ganin bayana ba sai yau."

Na bar masa.
Saura ɗari da sha shida.
Na hau tudu da ja a yatsuna,
ina kaffa-kaffa da shi kamar lalle,
har aka kira magariba na ɗauki buta.